Zirin LED: kafin a tambayi launi, a tambayi wutar da zai ci

Duk wanda ya ratsa garin Jega bayan sallar isha'i, a kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri, zai ga yadda ƙofofin shaguna suka sauya kama a 'yan shekarun nan. Shagon mai cajin waya yana ƙyalli da shuɗi, rumfar mai POS ta yi kore shar, shagon aski kuwa sai sauya launi yake yi kamar hawainiya. Abin da ke ba da wannan haske wani siririn ziri ne da faɗinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, an jera ƙananan ƙwayoyin LED a kansa, bayansa kuma akwai gam da ake manna shi a bango ko katako. Masu sayar da kayan wuta kan kira shi wutar ado, wasu su ce igiyar wuta. A nan za a kira shi zirin LED.

Yayin bai tsaya a Jega ba. A Aliero, inda aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a 2006, ɗalibai masu haya a cikin gari suna zagaye rufin ɗakunansu da shi. A Maiyama ana ganinsa a shagunan bakin titi, har garuruwa irin su Alelu ya shiga ɗakunan amare, ana kewaye fuskar gado da shogilas na kwanuka da shi. Masu sababbin gidaje kuma da wuya su yi silin POP ba su bar masa maɓoya ba.

Sai dai yadda ake sayensa ne ke da gyara. Mai saye zai shiga shago ya ce, "Alhaji, wannan kala nawa take yi?" A danna masa rimot ya ga ja da kore da ruwan hoda, ya yi ciniki, ya biya, ya tafi. Bayan wata uku ko huɗu sai a tarar rabin zirin ya mutu, ko farin ya koma ruwan ƙasa, ko kuma gam ya saki yana reto daga sili. Daga nan sai a ɗora laifin a kan "kayan China". Gaskiya ne kusan duk zirin da ke kasuwa daga China yake fitowa, daga garuruwa irin su Shenzhen da Guzhen, ya biyo ta kasuwar Alaba ta Legas ko Anacha ko Sabon Garin Kano kafin ya iso Kebbi. Amma mai kyan da marar kyan duk can ake yin su. Abin da ya fi kashe zirin LED a wannan yanki abu biyu ne: wutar da aka ba shi, da zafin wurin da aka manna shi. Launi shi ne ya kamata ya zama tambayar ƙarshe.

Asalin ƙwayar LED 'yar ƙaramar wuta ce. A 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya samar da ja wadda ido ke iya gani, amma sai da aka ɗauki shekara talatin kafin a samu shuɗiya mai haske sosai. Wannan aiki ne na Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, 'yan asalin ƙasar Japan, kuma shi ya ba su kyautar Nobel ta fannin kimiyyar fiziks a 2014. Farar LED da ake gani yau shuɗiya ce aka shafa mata wani sinadari mai ruwan ɗorawa. Cikin dalilan da kwamitin kyautar ya kawo har da cewa wannan fitila ba ta cin wuta da yawa, don haka ƙaramin sola ma zai iya riƙe ta, abin da zai amfani mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi da ba su da layin wutar lantarki. Wato tun daga tushe, alherin LED ga talaka yana cikin dacewarta da batir.

Ziri iri biyu ne, kuma ba a faye faɗa wa mai saye ba

Akwai zirin da ake sokawa kai tsaye a soket, mai cin bolt 220. Shi ne mai kauri, wanda aka lulluɓe da roba, ake yanko shi daga babban naɗi. Akwai kuma mai cin bolt 12 ko 24, siriri, wanda yawanci yake zuwa a naɗin mita 5 tare da adafta. Masu shago sun fi son sayar da na farko domin ba shi da dogon bayani: a yanka, a sa masa kai, a soka. Yana da amfaninsa kuwa. Ana iya jan sa mita hamsin a tafi ɗaya, don haka mai gidan mai ko mai ɗakin taron biki da ke son zagaye doguwar katanga yana da hujjar sayensa.

Amma ga ɗakin kwana, da shagon da bai wuce taku biyar ba, da rumfar mai shayi, zirin bolt 220 zaɓi ne marar kyau. Na farko, cikakkiyar wutar gida ce ke gudana cikin robar nan daga farko har ƙarshe. Ranar da rana ta busar da robar ta tsage, ko ɓera ya ɗanɗana ta, ko murfin ƙarshen ya faɗi, yaron da ya kai hannu wutar soket ya taɓa. Na biyu, duk abin da wutar gari ta yi, a jikinsa yake ƙarewa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna, kuma kamar sauran sassan ƙasar, garuruwan da ke ƙarshen dogayen layuka sun saba da wuta mai rauni da maraice, da kuma wadda kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Ƙaramin janareta ma haka yake hawa da sauka. Zirin da ba shi da komai tsakaninsa da soket sai ɗan ƙullutun da ke jikin wayarsa ba shi da mai kare shi. Na uku, wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin wannan ziri kuma yakan yi ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kama ta sosai, amma kyamarar waya tana kamawa. Ɗalibin da ya sayi zirin don bidiyon TikTok ya yi kyau shi zai fara ganin baƙaƙen layuka suna yawo a hotonsa.

Zirin bolt 12 kuwa taɓa shi ba ya jan mutum, ana yanka shi bayan kowace ƙwaya uku, kuma yana iya shan wuta daga batir ba tare da inbata ba. Wannan na ƙarshen shi ne babban dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, masu ƙananan sana'o'i da yawa suka jingine janareta suka koma farantin sola ɗaya da batir ɗaya. Mai irin wannan tsari idan ya sayi zirin bolt 220, dole inbata ta ɗaga wutar batir daga 12 zuwa 220. Idan kuma zirin bolt 12 ne amma ya soka adaftarsa a inbata, an ɗaga wutar an sake sauke ta ke nan. Kowane juyi yana cin nasa kason, ga kuma abin da inbata ke sha don kawai tana kunne. Wuta ta fito daga batir a bolt 12, fitila tana son bolt 12, ban da rashin sani me ya kai ta yawon duniya?

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Batirin da ake kira "bolt 12" ba kullum yake kan 12 ba. Lokacin da sola ke cajinsa da rana yakan kai 14.4. Cikin zirin, an jera ƙwayoyi uku-uku, kowace farar ƙwaya tana ɗaukar kusan bolt 3, uku sun ɗauki 9, sauran 3 ɗin kuma wani ɗan baƙin abu mai rage gudun wuta da ake kira rizisto ne ke shanye su. Idan wutar ta tashi zuwa 14.4, ƙwayoyin ba sa ƙara ɗaukar wani abin kirki, kusan duk ƙarin a kan rizisto yake sauka, sai wutar da ke ratsa ƙwayoyin ta ƙaru da fiye da rabi. Mai shago zai ga hasken ya ƙaru har ya ji daɗi, alhali zirin dahuwa yake yi. Shi ya sa shagunan da ke barin wutar ado a kunne da tsakar rana, lokacin da batir ke kan caji, su ne ke sauya ziri a kai a kai. Maganin ba shi da tsada. Ko dai a riƙa kunna shi bayan faɗuwar rana kawai, lokacin da batir ya dawo ƙasa da 13, ko a sa ƙaramar na'urar daidaita wuta da ke fitar da bolt 12 cif, ko a sa na'urar rage haske a sauke shi kaɗan. Ya fi kyau kuma a ɗauki wutar daga bakin fitilu na kwantirolar sola, domin ita ce za ta yanke idan batir ya yi ƙasa. Wanda ya maƙala ziri kai tsaye a kan batir ya manta da shi har asuba, batirin zai kashe, wanda kuɗinsa ya ninka na zirin sau da yawa.

Lissafin da ake gudu

Lambobin da ke jikin kwali, irin su 3528 da 2835 da 5050, girman ƙwaya kawai suke nunawa. 5050 na nufin milimita 5 a tsaye da 5 a kwance. Ba shaidar inganci ba ce. Lambar da ke da amfani ita ce wat nawa kowace mita ke ci. Zirin 3528 mai ƙwaya 60 a mita yana cin wat 4.8 a mita, shi kuwa 5050 mai ƙwaya 60 yana cin wat 14.4. Naɗin mita 5 na farkon wat 24 ke nan, na biyun wat 72. A kan bolt 12, wat 72 na buƙatar amfiya 6, kuma ƙa'ida ita ce a bar wa adafta sararin kashi 20 cikin ɗari, don haka mai amfiya 8 ya dace.

Yanzu sai a buɗe kwalin a duba adaftar da aka saka a ciki. Idan an rubuta 2A a jikinta, wat 24 kawai za ta iya bayarwa. Ɗayan biyu ke nan: ko zirin bai kai hasken da aka rubuta ba, ko adaftar za ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta har ta ƙone. Ziri da yawa da aka zubar a bola lafiyarsu lau, adafta ce ta mutu. Araha dai ba ta ado.

Ga mai batir, lissafin ya fi haka muhimmanci. Batirin ruwa mai 100Ah yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200, amma in ana son ya yi ƙarko rabi kawai ake taɓawa, wato 600. Zirin wat 72 idan ya yi awa biyar ya cinye 360, saura 240 ga fanka da cajin waya da na'urar POS. Zirin wat 24 a awa biyar ɗin 120 kawai zai ci. Mai shayin da ke da ƙaramin batir mai 7Ah, mita ɗaya ta zirin wat 4.8 da aka kafa daidai saman teburinsa za ta kai shi daga magariba har ya tashi, kuma za ta haska masa kofuna da canji fiye da mita biyar masu rawa da aka naɗe a jikin ginshiƙi.

Wani kuskuren da masu wayarin ke yi a silin POP shi ne haɗa naɗi uku ko huɗu baki da baki a ba su wuta ta kai ɗaya. Tagullar da ke cikin zirin siririya ce kamar takarda, wuta tana raguwa a hanya. Sai a ga kusurwar farko ta falo tana haske tar, ta ƙarshe ta yi ja-ja kamar fitilar ƙwai, farkon zirin kuma yana zafi domin duk wutar sauran ta kansa take bi. Zirin bolt 12 bai kamata ya wuce mita 5 a ja ɗaya ba. Na bolt 24 yana kai wa kusan mita 10, domin rabin amfiya yake buƙata a kan wat iri ɗaya. Falo mai girma, bolt 24 ya fi dacewa da shi, ko kuma a ja wa kowane naɗi wayarsa daban daga adafta. Kuma a ajiye adaftar inda hannu zai kai. Akwai gidajen da sai an fasa sili kafin a sauya abin da bai fi girman sabulu ba.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

Kwali zai ce zirin yana yin awa 50,000. In ana kunna shi awa biyar kowane dare, shekara 27 ke nan, wato ya ga auren yaron da aka haifa ranar da aka saye shi. Wannan adadi na ƙwaya mai inganci ne da aka gwada a ɗaki mai sanyi, kuma ma'anarsa lokacin da haske zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari. Ba a yi gwajin a ƙarƙashin kwanon rufi a watan Afrilu ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa, tsakanin kwano da sili kuwa ya fi haka nesa. LED ba ta fitar da zafi ta gaba kamar tsohon ƙwan fitila, ta bayanta take fitarwa, don haka abin da aka manna ta a kai shi zai kwashe zafin ko ya riƙe shi. Katako da filasta da roba riƙewa suke yi. Ƙarfen alminiyom kwashewa yake yi.

Saboda haka duk zirin da ya kai wat 10 a mita, a sa shi cikin kwararon alminiyom da ake sayarwa dominsa, mai farin murfi. Inda ba a samu ba, ragowar alminiyom daga wurin masu haɗa taga ma ya yi. Murfin yana ɓoye ɗigo-ɗigon ƙwayoyin da ke kashe ido, yana kuma tare ƙurar hunturu, wadda kan kwanta a kan ziri tsirara ta dusashe shi. Gam ɗin bayan zirin kuwa kada a dogara da shi. Zafi yana narkar da shi, bangon da ke da ƙura ma tun farko ba ya kama shi. A goge wurin, a manna, sannan a ƙara 'yan maƙalai da kusoshi.

Lambar IP ita ke faɗin kariya daga ƙura da ruwa. IP20 ba shi da kariyar ruwa ko kaɗan, na cikin ɗaki ne. IP65 ƙura ba ta shigarsa kuma yana jure feshin ruwa, ya isa ga ƙarƙashin rumfa. IP67 yana jure nutsewa na ɗan lokaci, shi ya dace da katangar da ruwan damina ke duka. Mutane da yawa suna ɗauka mai rufin roba ya fi inganci ko'ina, sai su sa shi cikin ɗaki. Rufin yana ƙara riƙe zafi, kuma mai arha daga cikinsa yakan koma ruwan ɗorawa ya yi tauri ya tsage. In dole sai mai rufi, a nemi na silikon.

Sai maganar launi, wadda aka ce ita ce ta ƙarshe. Ga mai sana'a ba ƙaramar magana ba ce, domin haske yana iya yi wa kaya ƙarya. Farin da zirin RGB ke bayarwa haɗin ja da kore da shuɗi ne, akwai launuka da yawa da babu su a cikinsa. Mai sayar da atamfa da shadda a kasuwar Jega idan ya haska kayansa da shi, mace za ta zaɓi ruwan toka da dare, gari ya waye ta ga ruwan sararin samaniya ne. Ko ta dawo da kayan, ko ta yi shiru ta sauya shago, kuma na biyun ya fi ciwo. Tela ma haka, zaren da ya dace da yadi a ƙarƙashin wannan haske gobe da rana sai a ga bambanci. Mai kemis da ke karanta ƙananan rubutun ranar lalacewar magani ba shi da abin da zai yi da haske mai rawa. Mai tsire da ya sa shuɗi, namansa sai ya yi kamar ya kwana.

Ma'aunin wannan shi ne CRI, wanda ke nuna yadda fitila ke fito da ainihin launin abu, kuma 100 ne ƙarshensa. Ga gida 80 ya wadatar. Ga mai yadi da tela da mai kayan kwalliya, a nemi 90 ko sama. Kwalin da bai ambaci CRI ba, yawanci ba shi da abin faɗa ne. Akwai kuma lambar da ke ƙarewa da K. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi irin na hantsi, 4000K fari ne tsaka-tsaki, 6500K kuma fari ne mai ratsin shuɗi. A nan an fi son na ƙarshen domin ido yana ganin kamar ya fi haske. Amma haske mai shuɗi da yawa da dare yana jinkirta barci, don haka bai dace da ɗakin kwana ba, balle na yara. Ƙwari ma sun fi rububinsa fiye da mai ɗumi. Duk mai sayar da abinci da dare a garin da ke kusa da fadamar Gulbin Zamfara ya san abin da ƙwari ke yi wa faranti da damina. Shi 3000K ya fi masa. Shagon yadi 4000K. RGB kuma a bar shi a kan allon suna da bakin ƙofa, inda aikinsa jan hankalin mai wucewa ne, wannan kam ya iya shi.

Akwai wata magana da ke yawo cewa wutar batir ba ta tayar da gobara. Ba ta jan mutum, wannan gaskiya ne, amma tana ƙona waya. Ƙarancin bolt yana nufin yawan amfiya, yawan amfiya kuma a siririyar waya zafi ne. Batirin 100Ah idan wayoyinsa biyu suka haɗu zai iya mayar da su jajir cikin daƙiƙoƙi. Ga kuma wayoyin jabu da suka cika kasuwa, waɗanda alminiyom ne aka yi wa fentin tagulla. A kankare bakin wayar da wuƙa, in cikin ya fito fari an gane. Kowane layi da ya fito daga batir yana buƙatar fis a kusa da kan batirin, irin na mota ma ya isa, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Mahaɗa kuma a yi musu dalma ko a sa maƙalin da aka yi dominsu, a daina murɗa waya a naɗe da leda. 'Yan kasuwar Kebbi ba sa buƙatar a tuna musu mene ne gobara, domin a watan Maris na 2016 babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone, a daidai lokacin da ta Sabon Garin Kano ita ma ta kama. Ba zirin LED ne ya jawo waɗannan ba, amma shago ɗaya mai wayarin ganganci ya isa ya cinye layi guda. Manomin Aliero da ke ajiye albasar shekara a rumbun kara da ciyawa, in zai ja haske zuwa wurin, fis ɗin nan ya fi zirin kansa muhimmanci.

Za a iya cewa duk wannan ɗawainiya ta yi yawa a kan abin ado, mutum ya sayi mai arha in ya mutu ya sake. Ga wanda zai ƙawata rumfar biki na kwana uku, maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba sai ya nemi alminiyom ba. Amma mai shagon da ke sayen naɗi uku a shekara ya riga ya biya kuɗin mai kyau guda, bai kuma taɓa morarsa ba. Hukumar SON tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su mai suna SONCAP, sai dai ziri ana yanko shi ne daga naɗi, ba kwali ba takarda, don haka da wuya mai saye a ƙauye ya ga wata shaida. Idonsa da hannunsa su ne hukumarsa.

Kuma dole a faɗi abin da masu sayarwa ba za su so ba: ba ko'ina ziri ya dace ba. Tunda rizisto yana shanye bolt 3 cikin 12, kusan rubu'in wutar da zirin ke ci zafi take zama. Wanda ke son ya haska tsakiyar ɗaki kawai, ƙwan LED mai wat 9, wanda ke ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ya fi masa sauƙi da arha, kuma akwai masu cin bolt 12 kai tsaye. Masu lodin buhunan albasa a fili da dare babbar fitila mai haska fili suke buƙata. Inda ziri ya yi zarra shi ne wurin da ake son haske ya bi tsawon abu ba tare da inuwa ba: cikin shogilas, ƙarƙashin kantocin kaya, saman keken ɗinki, gefen madubin aski, kan teburin mai gyaran waya. Mita ɗaya ko biyu a irin waɗannan wurare sun fi goma a sili.

Kafin a biya, a sa mai shago ya warware naɗin gaba ɗaya ya kunna. Kada a bari ya daɗe a kunne yana naɗe, domin yana iya ƙona kansa. A dubi farko da ƙarshe, in ƙarshen ya dusashe sosai tagullar ta yi siriri. A kara tafin hannu ko ƙyallen atamfa mai ja a ƙarƙashinsa, in fata ta yi toka-toka ko jan ya koma ruwan ƙasa, hasken ba na shagon yadi ba ne. A ɗora kyamarar waya a kai a ga ko layuka suna gudu. A bar shi minti goma, sannan a taɓa adaftar. Ɗumi ba laifi, amma in ba ta riƙuwa a hannu a nemi babba. A juya ta a karanta amfiyar da aka rubuta, a ninka da 12, a gwada da wat ɗin zirin. Mai shagon da ya san kayansa ba zai ƙi wannan gwaji ba, wani ma shi zai fito da na'urar awon wuta daga aljihun tebur ya nuna wa mai saye amfiyar da naɗin ke ja.